Masu Ƙirga Kifi a Kogin Yukon

A jihar Alaska ta Amurka akwai mutanen da gwamnati ke biya albashi don su zauna a bakin kogi suna ƙirga kifin da ke wucewa. Ba su da rumfa a kasuwa, ba su da tafkin kiwo, ɗan kifin da suke kamawa ma rabar da shi suke yi. Amma alƙaluman da suka aika ofis da safe su ne za su sa a ce wa ɗaruruwan masunta su tura jiragensu ruwa, ko kuwa a ce kowa ya naɗe ragarsa ya rataye sai an neme shi. A kogin Yukon, inda titin mota bai kai yawancin ƙauyuka ba, kuma kafin a rufe kamun sayarwa kifi yana cikin 'yan hanyoyin da magidanci ke ganin tsabar kuɗi a shekara, wannan ƙirge ya fi ƙarfin wasa.

Kifin da ake yi wa wannan hidima salmon ne, nau'in da ake kira cam. Nauyinsa a Yukon wajen kilo 3 ne. Ana ƙyanƙyashe shi a cikin tsakuwar rafi, da zarar ƙanƙara ta narke sai ya bi ruwa ya faɗa tekun Berin yana ɗan tsito. Can zai yi girmansa. Idan ya kai shekara 4 ko 5, wani 3 wani 6, sai ya juyo ya nemi rafin da aka haife shi. Daga ranar da ya shiga ruwan kogi ya daina cin abinci, da kitsen jikinsa zai yi tafiyar. Macen ta tona rami a tsakuwa da jelarta, ta zuba ƙwai 2,000 zuwa 4,000, namijin ya barbare su, ta rufe, bayan 'yan kwanaki dukkansu su mutu. Haihuwa ɗaya ce, ba a maimaitawa. Wannan hali nasa shi ya sa ƙirgen ya yiwu: duk kifin da zai haihu a bana tilas ya bi ta kogi ɗaya, ya fuskanci gefe ɗaya, a cikin 'yan makonni.

Zuwa biyu yake yi. Akwai cam na bazara, mai shigowa daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Yuli, wanda ke haihuwa a rassan kogi irin su Anvik da Andreafsky da Koyukuk. Akwai na kaka, mai biyo baya har cikin Satumba. Shi ya fi ƙiba domin tafiyarsa ta fi nisa, wani sai ya ƙetara cikin Kanada, kuma yana neman wuraren da idon ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, inda hunturu ba ya daskarar da ƙwai.

Manomi ya riga ya san tushen wannan sana'a. Kome yunwar da aka shiga ba a cinye iri, sai an ware na shuka sannan a auna na ci da na kasuwa. Haka Hukumar Kifi da Namun Daji ta Alaska ta ƙayyade kifin iri da tilas a bari ya isa wurin haihuwa. A duk faɗin Yukon ana neman cam na bazara 500,000 zuwa miliyan 1.2, na kaka kuma 300,000 zuwa 600,000. Bayan iri, doka ta ce masu kamawa don cin gida su ne a gaba. Sai abin da ya yi saura a ba masu kamun sayarwa. A tsarin cam na kaka, idan hasashe bai kai 300,000 ba kowa ya haƙura, har mai neman na miya. Kasuwa kuwa ba a maganarta sai an hango 550,000.

Wuya ce ta koya musu wannan tsari. Kafin Alaska ta zama jiha, manyan kamfanonin kifin gwangwani daga Seattle da San Francisco ne ke cin karensu babu babbaka, suna kafa manyan tarkuna a hanyar kifi, hukunci kuma daga Washinton ake yanke shi. Kifi ya yi ta raguwa har Shugaba Eisenhower ya ayyana wasu sassan yankin a matsayin wuraren da bala'i ya afka wa a 1953. A 1959, shekarar da Alaska ta zama jiha, salmon miliyan 25 kacal aka kama. Sabuwar jihar ta haramta tarkunan, ta rubuta a tsarin mulkinta cewa za a ci arzikin ruwa da daji ne ta yadda ba zai ƙare ba, sannan ta yi wani abu da ba kowace gwamnati ke yarda ta yi ba: ta ba jami'in da ke bakin kogi ikon buɗe kamun kifi da rufe shi da umarnin gaggawa, ba sai ya jira sa hannun babban birni ba. Ikon yana hannunsa har yau. Shi ya sa yake buƙatar alƙaluma kullum, sababbi fil.

Ƙirge yana farawa daga Emmonak, wani ƙauyen 'yan ƙabilar Yupik a inda kogin ya rarrabu ya shiga teku. Nan ma'aikata ke kamun gwaji. Kullum a wuri ɗaya, da raga iri ɗaya, na tsawon lokaci ɗaya, domin a iya gwada kamun yau da na jiya da na rana irin ta yau a shekarun baya. Wannan ba ya faɗin yawan kifi, yana dai nuna cewa ayari ya shigo. Cam na kaka musamman ba ya shigowa a jere. Sai a yi kwanaki raga na fitowa wayam, rana ɗaya iska ta kaɗo daga teku, ruwa ya cika, kifi ya danno tamkar an buɗe masa ƙofa.

Bayan kwana biyu zuwa uku ayarin zai isa Pilot Station, kusan kilomita 200 daga teku, inda kogin ya haɗe ya zama hanya ɗaya. Nan ne zuciyar aikin, tun 1986. Faɗin ruwan ya kai kimanin kilomita guda, kuma ruwan Yukon ba a ganin komai a cikinsa saboda lakar da ke gangarowa daga duwatsun ƙanƙara. In ka tsoma hannu zuwa gwiwa, yatsunka sun ɓace maka. Don haka da kunne ake ƙirgen, wato da na'urar amsa-kuwwa. Ana kafa ta a kan ƙafafu uku na ƙarfe a cikin ruwa, a kowace gaɓa, a saita ta tana kallon tsakiyar kogi dab da ƙasa, domin salmon yakan bi gefe da ƙasa inda ƙarfin ruwa ya yi sauƙi. Tana harba sauti, sautin ya bugi kifi ya dawo, kwamfuta ta zana alamarsa. Sababbin na'urorin har motsin jelar kifin suna nunawa.

Sau uku a yini ake kunna ta, awa uku-uku, sannan a faɗaɗa lissafin ya cika awa 24. Ma'aikaci yana zaune a tanti ko ɗan ɗakin katako, janareta na ruri a waje, sauro ya yi dafifi a jikin ragar taga, rana kuma ba ta saurin faɗuwa domin a watan Yuni dare a can suna ne kawai. Idonsa na kan allo, hannunsa na kan linzamin kwamfuta, yana danna kowace alama ɗaya bayan ɗaya. Dole ya bambance kifi da reshen itacen da ruwa ya ɗauko: itace yana bin ruwa ya gangara, kifi yana haurowa. A ranar da ayari ya iso, alamun sukan hau kan juna har allo ya yi baƙi, kuma a ranar ce aka fi matsa masa ya kawo adadi da wuri. Idan ruwa ya ƙaru ko ya janye, sai a sa wandon roba mai kaiwa ƙirji a shiga ruwan sanyi a ɗaga na'urar a sake saiti. Kuskuren ɗan karkatawa kaɗan ya isa ya sa dubban kifi su wuce ta ƙarƙashin sautin ba a gan su ba.

To amma na'ura ba ta san sunan kifi ba. A wurinta cam da babban salmon da ake kira cinuk da koho da farin kifi duk alama ce. Saboda haka tsakanin lokutan kunna ta, wasu ma'aikatan sukan shiga jirgi su saki raga ta bi ruwa na 'yan mintoci, su janye, su sauya wata. Ragunan kala-kala ne, daga mai ido inci 2.75 har mai inci 8.5, domin ƙaramin ido ba ya riƙe babban kifi, babban ido kuma ƙaramin kifi ratsa shi yake yi. Da abin da ragunan suka kamo ake raba adadin na'ura. A ce ta ga alama 50,000, raga kuma ta nuna bakwai cikin goma cam ne, sai a rubuta cam 35,000, bayan an yi gyaran da ya dace da halin kowace raga. Kifin gwajin da ya mutu a kai wa mutanen gari, dattawa a gaba. A shekarun da lambarsu ke rabuwa biyu, irin 2022 da 2024, wani ƙaramin salmon mai doro yakan cika ƙasan kogin ya rikita lissafin. Wata rikitar kuma ta kalanda ce: daga 16 ga Yuli duk cam da ya shigo bakin kogi na kaka ake ɗaukarsa, alhali kifi bai san kwanan wata ba. Sai daga baya gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna nawa ne 'yan bazarar da suka makara.

Abin da ya fi burge ni a aikin nan ɓawon kifi ne, ƙwaya ɗaya tak. Ana kwantar da kifin a kan allon awo, a auna shi daga tsakiyar ido zuwa inda jela ta rabu, domin bakin namiji yakan yi tsawo ya lanƙwashe idan haihuwa ta matso, awo daga baki sai ya yi ƙarya. A duba mace ce ko namiji. Sannan a sa matsefata a ciro ɓawo daga gefen hagu, layi biyu sama da zanen da ya ratsa tsakiyar jikinsa, a goge majinar, a manna a kati mai gam a gurbin da ke ɗauke da lambar kifin. A ofis za a danna katin a jikin roba da zafi, a haska a madubin ƙara girma. Ɓawon yana da zobba. Masu tazara na lokacin da abinci ya wadata ne, waɗanda suka matsu na hunturu ne. Mai karatun ɓawo ya ƙirga hunturu, ya faɗi shekarun kifin. Daga nan ake hasashen baɗi, domin idan 'yan shekara 4 sun zo da yawa bana, ana sa ran 'yan'uwansu da suka ƙara shekara a teku za su zo da yawa a shekara mai zuwa.

Can sama a rassan kogi, inda ruwa ya yi garau, aikin ya fi sauƙin fahimta. A wasu rafukan ana gitta shinge daga gaɓa zuwa gaɓa a bar ƙofa ɗaya, ma'aikaci ya tsaya a kai da 'yar na'urar dannawa ko a sa kyamara. A Chena da Salcha kusa da Fairbanks daga sama ake leƙe, an shimfiɗa fararen alluna a ƙasan ruwa don a ga inuwar kifi. Wasu wuraren da ƙaramin jirgin sama ake bi. A kogin Delta kuwa da ƙafa ake takawa cikin sanyin ƙarshen shekara ana ƙirga masu rai da matattu. Sai Eagle, kusan kilomita 2,000 daga teku, dab da iyakar Kanada, inda wata na'urar amsa-kuwwa ke aiki tun 2005. Ita ce shaidar ko Amurka ta cika alkawarin da ta ɗauka a yarjejeniyar salmon ta Yukon na barin wani adadi ya ƙetara iyaka.

A nan wahalar jami'i take. Cam na kaka yana cin fiye da wata guda kafin ya kai Eagle. Kamun sayarwa kuwa yawancinsa a ƙasan kogi aka saba yi, kusa da teku, wani ma kafin kifin ya isa Pilot Station a ƙirga shi. Wato sai ya yanke hukunci a kan kifin da bai gama gani ba. Ya buɗe da wuri, ayarin da ya zata somin-taɓi ne ya zama shi ke nan, ya cinye rabon mutanen sama da na Kanada da na iri. Ya yi jinkiri, kifi ya wuce, kuma kifin da ya wuce ba ya dawowa, masunta sun yi asarar shekara. Shi ya sa ake buɗewa da awa: yau awa shida a yanki kaza, da raga mai ido kaza. A sanar ta rediyo da layin waya da Facebook. Kowane ciniki a rubuta rasit, mai saye ya kai wa hukuma rahoto, adadin ya shiga lissafin gobe.

Wani ƙulli kuma, cam na bazara tare yake tafiya da cinuk, wanda ya yi ƙaranci har aka daina buɗe kamunsa don kasuwa bayan 2007. Ragar da ke shaƙe kifi a wuya ba ta zaɓe. Saboda haka daga 2013 aka ce masu kamun sayarwa su koma homa mai dogon mariƙi da taru, yadda za a ɗauki cam a saki cinuk da ransa. Masunta sun yi gunaguni, suna da gaskiya kuwa, domin jan homa daga cikin jirgi yini guda aikin ƙarfi ne, ga cin mai. Duk da haka sun ƙware, kuma kamfanin Kwik'pak da ke Emmonak ya yi shekaru yana sayen kifin homa, matasan ƙauyuka na samun aikin gyara da sa ƙanƙara.

Kada mai karatu ya ɗauka mutanen kogi sun miƙa wuya ga na'ura. Kowace Talata a lokacin kifi, ƙungiyar masuntan Yukon tana haɗa taron waya. Ana bin ƙauyuka daga teku har Kanada, kowa ya faɗi abin da ya gani: tsayin ruwa, itacen da ke gangarowa, lafiyar kifin, abin da aka shanya. Jami'ai su karanta alƙalumansu, a yi musu tambayoyi, wani lokaci a wanke su tas. Dattijon da ya shekara sittin yana kallon ruwan nan yana da nasa alamun, na iska da tsuntsaye da zuwan ƙwari, kuma ba ya jin kunyar cewa na'ura ta yi ƙarya. Wani lokacin ma ta yi ɗin. Hukumar da kanta ba ta bayar da adadi sai ta haɗa da tazarar kuskure, kuma takan gyara shi bayan an rufe shekara. Jami'in kirki shi ne mai sauraron ɓangarorin biyu. Da yawa daga masu tuƙa jiragen gwajin ma 'yan ƙauyukan ne, su suka san inda raga ke sarƙewa.

Sai ga shekarar 2020. Masu karatun ɓawo ne suka fara ganin alamar: 'yan shekara 4, waɗanda suka saba zama ƙashin bayan zuwan, sun yi ɓatan dabo. A 2021 abin ya kai maƙura. Kogin da ya saba ganin cam na bazara wajen miliyan 1.6, wanda a 2017 ya haura miliyan 3, sai Pilot Station ta ƙirga kimanin 153,000. Na kaka bai wuce wajen 100,000 ba. Aka rufe kamun sayarwa, aka rufe na cin gida. Ɗakunan banda suka zauna babu hayaƙi. Masu karnukan jan kaya a kan ƙanƙara, waɗanda da busasshen cam suke ciyar da su, suka rasa abin ba su. Har ta kai ana ɗauko kifi a jirgin sama daga Bristol Bay ana raba wa mutanen da kakanninsu suka rayu a kan salmon. A 2023 na bazara ya ɗan farfaɗo ya haura 800,000, aka bar mutane su kama na ci da homa, amma kasuwa ba ta buɗe ba, na kaka kuma bai murmure ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne iyayen kifin da ya ɓace, na 2016 da 2017, sun isa wurin haihuwa da yawa, har sun zarce adadin da ake nema. An ƙirga daidai, an ware iri, mutanen kogi sun bi doka. A teku aka yi asarar. Masu binciken gwamnatin tarayya sun danganta ta da ɗumamar tekun Berin tsakanin 2016 da 2019, lokacin da 'ya'yan cam suka riƙa cin abinci marar maiƙo suna shiga hunturu a rame. A kogin ma zafi ya yi ɓarna, domin a 2019 an ga gawarwakin cam a Koyukuk da ƙwai a cikinsu, ruwa ya yi musu ɗumi kafin su isa.

Zafin teku ba shi da ofishin da za a kai ƙara. Amma akwai masu ofis. A 2021 ɗin nan da aka hana tsohuwa a Yukon kama kifi ɗaya, manyan jiragen da ke jan raga don kifin folok a tekun Berin sun haɗa da cam fiye da rabin miliyan ba da niyya ba, kuma a lokacin babu iyakar da za a ce sun kai a dakatar da su, ko da yake cinuk yana da irin wannan iyaka tun 2011. A watan Yunin shekarar, masuntan kudancin zirin Alaska sun kama cam fiye da miliyan 1 a hanyarsa ta wucewa. Gaskiya ne gwajin ƙwayoyin halitta ya nuna mafi yawan cam ɗin da jiragen folok suka haɗa da shi na Asiya ne, da yawansu daga gidajen ƙyanƙyasa na Japan da Rasha, na yammacin Alaska kaso ne ƙarami. Gaskiya ne kuma ƙauyukan bakin tekun suna da hannun jari a kamun folok ta ƙungiyoyinsu, har da wadda ta mallaki Kwik'pak, don haka maganar ba ta rabu gida biyu cif ba. Amma ƙaramin kaso na rabin miliyan ba ƙarami ba ne a wurin kogin da ya ƙirga 153,000. Da aka kai wa Majalisar Kamun Kifi ta jihar shawarar rage lokacin kamun kifi a kudancin zirin sosai a Fabrairun 2023, ta yi watsi da ita da ƙuri'a 4 da 3.

A ganina ma'aikatan tantin Pilot Station sun sauke nauyin da aka ɗora musu, masuntan Yukon kuma sun biya fiye da rabonsu. Jihar da ta iya rufe kogi sukutum a kan alƙaluman safiya ɗaya ba ta da hujjar jan ƙafa a kan ragunan da ke tare kifin nan a ruwanta tun bai ga bakin kogin ba.